An Ce Nunan Fari, Na Kai Kala

Edita, ina gaisuwa. Ni tsohuwa ce, ban taɓa zaman aji ba, ko sunana ban iya rubutawa, amma bakina bai taɓa ba ni kunya ba. Faɗa nake yi ana rubuta mini, kuma na ce kada a gyara mini magana. A shekarun da kuɗin fetur suka shigo ƙasar nan, naira tana sabuwa fil, ni matar ma'aikacin jirgin ƙasa ce a Gombe. Daga ƙauyenmu na ƙasar Tangale aka kawo ni, da tandun kwalli na mahaifiyata da ɗan ƙoƙon man kaɗanya, su ke nan kayan adona. Da aka ƙara wa ma'aikata albashi, maigidana ya shiga yi mini tsaraba duk dawowar da zai yi daga kudu: hoda, jan baki, gazar, turare, man shafawa iri-iri. Ya sa kafinta ya yi mini teburi mai madubi. Na ture tandun can ƙarƙashin akwati, na jera kwalabe sahu uku. Kyau kam ina da shi, ba sai na ɓoye ba. Ran Lahadi in na shiga majami'a, na baya sukan ce tun kafin su waiwaya sun san 'yar Ikko ta iso, alhali ko hanyar Ikko ban sani ba. Rubutun da ke jikin kwalaben nan kuwa zane ne kawai a wurina. Da launin murfi nake gane su, kuma girman kai bai bar ni na tambayi kowa ba.

Duk shekara bayan girbi mukan yi sujadar godiyar kaka. Manoma su kawo nunan fari, wato mafi kyaun abin da gona ta fara bayarwa, damin dawa, wake, auduga, a jibge gaban bagadin majami'a. Wata shekara a taron zumuntar mata, wata matar malamin makaranta ta yi raha ta ce mu matan ma'aikata da ba mu da ko kunya ɗaya, me za mu kawo, ko ƙurar kwatas ɗin ma'aikatan jirgi? Shugabarmu, dattijuwa mai sanyin murya, ta ce kowa da gonarsa. Ta ce wasunmu gonarsu tana gaban madubi, kuma ta cika har tana neman ruɓewa. Ta ce abin da ke hannunmu duka amana ce, riƙo muke yi wa Mai shi, don haka kowace ta koma ta duba teburinta, abin da ya fi ƙarfin fuska ɗaya ta kawo. Akwai wata yarinya marainiya a cikinmu da za a ɗaura wa aure kafin Kirsimeti, sai a haɗa mata kayan kwalliya. Gwaggonta ce ta riƙe ta, da sayar da kunun gyaɗa ta kai ta har kwalejin horon malamai. Da shugaba ta ce gona gaban madubi, ba wadda ba ta kalle ni ba. Na gyara ɗaurin kallabina na ce su jira su gani.

Da na zauna gaban teburin nan sai hannuna ya ƙi. In ɗauki wannan in ce ai sabo ne, in ɗauki wancan in ce ai maigida zai tambaya. Ina son a ce na fi kowa bayarwa, ba na son in rasa komai. Sai dabara ta zo mini. Akwai wata kwalba mai murfi ruwan zinariya da duk matan kwatas suka san ta, man fuska ne mai tsada, saura kaɗan a gindinta. Na jawo tsofaffin kwalabe biyar ko shida da suka kusa ƙarewa, na sa cokali na kwashe ragowar kowace na zuba a cikinta. Duka farare ne, na ce ai mai mai ne. Na cakuɗa, na shafe saman da bayan cokali har ya yi sumul kamar ba a taɓa ba, na ɗiga turare. Abin da na yi kala ce, irin tsintar da ake bi a yi a gona bayan an kwashe amfani, na sa mata rigar nunan fari. Ranar sujada na ɗora ta a faranti, na taka a hankali har gaba don kowa ya gani. Yarinyar ta durƙusa ta kira ni Mama, ta ce ta gode, ba ta taɓa zaton irin wannan zai taɓa fatarta ba.

Saura kwana tara biki, da hantsi, sai ga maƙwabciyata ta shigo ba ko sallama, ta ce an kai amarya asibiti, fuskarta ta tashi kamar an watsa mata ruwan zafi. Na tarar da matan zumunta a baranda suna ta zagin kayan Turawa. Wata ta ce ai fatarmu ba tasu ba ce, wata ta dafa ni ta ce kada in damu, ni da na ba da abu mai tsada da zuciya ɗaya. Sun buɗe mini ƙofar tsira, sai in bi kawai. Sai ma'aikaciyar jinya ta fito da kwalbar a hannu, ta ce abin da aka rubuta a jiki ba ya ƙona mutum haka, in akwai wadda ta san abin da ke ciki ta faɗa, don su san maganin da za su sa kafin ya ci ciki. Edita, na yi shiru har matar nan ta juya za ta koma. Ta ƙofar da ta buɗe na hango yarinyar a kwance, gwaggonta tana yi mata fifita da murfin kwano, ita kuma tana ce wa gwaggon kada a gaya wa Mama, za ta ji ba daɗi.

Ban san lokacin da na kai gida na dawo ba. Na juye kwalaben nan da na kwashe a kan benci gaban kowa, na faɗi abin da na yi, da cokalin da komai. Ma'aikaciyar ta ɗaga wata mai shuɗin murfi ta ce wannan ai na miƙar da gashi ne, ko a kai ba a barin sa ya daɗe, sauran kuma biyu sun shekara uku da lalacewa. Ta tambaye ni ko ban karanta ba. A gaban matan da na shekara ina yi musu yanga na ce ban iya ba. Ba wadda ta yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

An sami kanta, kumburin ya sauka, amma kuncinta na hagu ya saɓule. Na ƙi fita, na ce da maigida ba zan je bikin ba. Ana jibi ɗaurin aure sai ga gwaggon ta zo da saƙo, wai amarya ta ce duk Gombe ba wadda ta kai ni iya gyaran fuska, in ban zo na yi mata ba, haka za ta shiga majami'a. Na buɗe akwati na ciro tandun mahaifiyata da man kaɗanya, abin da na san asalinsa ke nan. Na zizara mata kwalli, na kauce wa ciwon, na sauko da mayafi ta gefen hagu. Na ce ta yafe mini. Ta ce in daina kuka kada in ɓata mata aiki, ai ta yafe tun a gadon asibiti, amma da sharaɗi: daga yau ba zan ƙara buɗe kwalba ba sai ta karanta mini.

Ta cika sharaɗin nan fiye da ni. Duk kaka takan zo mu zauna gaban madubi, ta ɗaga ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya lalace a haƙa rami a binne, ba a ba kowa. Wanda nake amfani da shi ya zauna. A cikin sababbin kuma sai in zaɓi wanda raina ya fi so, shi ne na bayarwa, da murfinsa a rufe. Yanzu ina unguwar Tumfure wurin ɗana, teburin ya koma kwalba uku, amma har bana ta hau keke mai ƙafa uku daga unguwar Barunde ta zo, da furfurarta da tabaronta.

'Yan uwana mata, ku riƙa duba gonarku ta gaban madubi kafin ta ruɓe. Abin da ba za ki shafa wa fuskarki ba, kada ki kai shi majami'a ki kira shi baiko. In ba ki sani ba ki tambaya, kunyar tambaya ba ta barin tabo. Wadda ke rubuta mini wannan ita ce amaryar. Ta ce in bar zancen tabon, ai ya kusa ɓacewa. Na ce ta rubuta, ni ina ganin sa daga nan inda nake zaune, kuma duk shekara wajen da yake take juyo mini in sa mata albarka.