Mai Nuna Gida Ana Ruwa

Ina fake a rumfar mai kofi a birnin Semarang, ruwa na zuba, sai ga ta: gajeruwar dattijuwa, dillaliyar gidaje, takalmanta a hannu, masu kuɗi biyu na bin ta cikin taɓo. So take su zuba jari a sayi tsohon gidan da ke kallonmu, a yanka shi ɗakunan haya na ɗalibai.

"Haba Bu Warsini," in ji mai tumbi a cikinsu, yana kare agogonsa, "duk ranakun Allah sai yau?"

"Pak Darmo, in rana ta fito ai kowane gida amarya ne. Zo ka ga inda yake yoyo."

Ta kama hannunsa ta ɗora kan shatin da ambaliyar bara ta bari a bango. Da wani dillalin ne, da tuni ya shafe shi da fenti. Ina jin ta taɓa haya a ɗakin da aka yi wa haka.

Ɗayan ya yi tsaki ya koma motarsa. Ko kallonsa ba ta yi ba. Pak Darmo ya daɗe yana duban bangon, sannan ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa don ya bi ta cikin gidan.