Ƙwan durgun Inna

Inna ta gaji kajin durgu, masu gajerun ƙafafun nan, daga uwarta, ita kuma daga tata uwar, tun suna Tabla. Da ta komo Filinge da zama, a kwando ta ɗauko su bisa kai. Ni ban taɓa ganin abin so a jikinsu ba. Tafiya suke kamar tsohuwa ta ɗauko tulu.

Shekarar da idon Inna ya rufe, ciwon kaji ya share akurkin. Zakaran ya mutu, aka bar tsohuwar kaza ɗaya da ƙwai tara da ta saka tun yana da rai. Inna ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta ce in zuba wa kazar ta yi kwanci. In waɗannan ba su ƙyanƙyashe ba, irin ya ƙare.

Ni kuwa zabi nake so. A ƙasarmu kowa ya san zabuwa ba ta iya reno, sai a sa wa kaza ƙwanta. Na sayo ƙwan zabi goma sha biyu a kasuwar Lahadi, na kwashe na durgun, na musanya. Makauniya ce, na ce a raina, wa zai gaya mata? Taran nan kuma ban bari sun lalace ba. Na dafa su, na barbaɗa yaji, muka ci tare. Har albarka ta sa mini.

Abin da ban lissafa ba, Inna da Juma'a take ƙirga kwanci. Ƙwan kaza Juma'a uku yake yi, na zabi huɗu. Ta uku ta wuce shiru. Kullum sai ta tambaya, ni kuma in ɗora wa sanyin damina laifi. Kazar ta tsufa, ga ta da naci, ko tsaba ba ta tashi ta ci. Na ga ƙirjinta ya zama ƙashi, na kau da kai, don saura kwana kaɗan zabina su fito.

Sun fito, goma sha biyu, lafiya lau. Kazar ta ja su zuwa gindin rumbu, ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba.

Inna na zaune a tabarma ta kasa kunne. Ta ce in miƙo mata ɗaya. Ta shafa kansa, ta shafa ƙafafunsa, ta ajiye shi a hankali.

"Wanga zabo na," ta ce. "Ina ƙwan durguna?"

Na so ta zage ni, da na samu bakin ramawa.

"Su na kinka dahwa muna da yaji?"

Na ce e.

Ta daɗe tana goge bakinta da gefen zane. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, ni nake mata wanka, ni nake ba ta fura a baki. Amma duk abin da na miƙo, sai ta tsaya ta tambaye ni ko mene ne kafin ta buɗe baki.