Littattafan Malam Guda Shida

Shekara huɗu muka yi ɗaki ɗaya da Malam a bayan titin Huanshi Lu, a ƙasar waje inda muke fatauci. Tsohon malamin Turanci ne daga Kano, koyarwa ta ƙi, ya dawo sarin riguna a kasuwar Shahe kamar mu. Ciniki kam bai iya ba, Allah Ya jiƙansa. Hankalinsa na kan wani littafi mai kauri na wani marubucin waƙoƙi da labarai ɗan Ingila, wanda ya duƙufa wajen tattara tatsuniyoyin Girkawan da. Malam yana juya shi zuwa Hausa da hannunsa, har ya cika littattafan rubutu shida.

In mun fito Juma'a daga masallacin Huaisheng sai ya tare ni. Ya ce, "Baturen nan Gizonsu ya tara wuri ɗaya kafin su manta." Ni kuma in ce, "Malam, Gizo ba ya cika kwantena." Ya yi dariya, ya ci gaba, na ƙi ko na so.

Wata Talata da hantsi ya faɗi a kasuwa, bai sake tashi ba. Nan muka binne shi.

Al'adarmu, in ɗan'uwa ya rasu, manya ke haɗa kayansa, su tace, kada abin kunya ya isa ga iyali. Babbanmu, wani Alhaji, ya buɗe littafin Baturen, ya ci karo da hotunan gumaka tsirara. Ya buɗe na rubutun, ga "allan teku", ga "allan yaƙi", da hannun Malam. Ya yi salati.

"Mu rufa wa bawan Allah asiri," ya ce. Sai ya dube ni. "Kai da kuke tare, ka san da wannan?"

"Ban sani ba, Alhaji."

Tsoro na ji, kada a ce ni ma da hannuna a ciki. Aka fitar da littattafan waje. Ina tsaye tsohuwar da ke kwasar takardun shara a layinmu ta ɗora su a kekenta.

Da kayan suka isa Kano, 'yarsa ta kira ni. "Kawu, mun gode. Amma ban ga littattafan Baba ba. Duk littafin da ya gama yana karanta mini a waya. Ya ce ni zan kai a buga."

Na ce mata zan duba. Kowace Sallah takan gaishe ni, ta tambaya ko na duba.