Ƙyallen Awon Inna

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana da dokokinta a kan hijabi. Ban san malamin da ya karantar da ita su ba, amma ta riƙe su gam. Hijabi ya sauka har idon sawu, ya tsaya nan. In ya gaza, ta ce kin fito da rabin sutura. In ya wuce ya taɓa ƙasa, ta ce unguwa ta samu mai shara kyauta. Yadin kada ya yi sheƙi, kuma ya zama da yalwar da suwaita za ta shige ƙarƙashinsa, domin duk wadda ta san sanyin Jos da sassafe ta san hijabi shi kaɗai ba ya raba mutum da mura. Lokacin da aka fara yayin jilbabi mai hannu, dogo har yana jan ƙasa, ni ma na ɗinka nawa ruwan toka, na fito tsakar gida ina taku ɗai-ɗai don a gani. Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in zan fita in bi ta bakin kwata, an kwana biyu ba a share wurin ba.

Kayan lambu take sayarwa a Farin Gada: kabeji, karas, koren wake, dankali in lokacinsa ya yi. Tun rasuwar Baba kasuwar ta zama mata gida na biyu, in ma ba na farko ba. Doguwa ce, kuma ta sani. A layinsu ita ake hangowa daga nesa, ita ke fara ganin motar kaya ta shigo ta sanar da sauran mata. Tun ina 'yar makaranta nake zuwa in jera bayana da nata don mu gwada tsawo, kullum kuma amsarta ɗaya ce, wai saura mini yatsa biyu. Na gama sakandare, saura yatsa biyu. Na yi aure na haihu, yatsun nan biyu suna nan daram, ba su ragu ba.

Mace ɗaya ce tak take ɗinka wa Inna hijabi a duniya. Kirista ce, tsohuwar maƙwabciyarmu a Rikkos, muna kiranta Maman 'yan biyu. Da mutane suka rarrabu bayan rikicin Jos, kowa ya koma inda hankalinsa ya fi kwanciya, ita ta koma Anguwan Rukuba da kekenta na ɗinki. Teloli sun cika unguwarmu, wasu ma hijabi kaɗai suke ɗinkawa, amma Inna ta ce duk cikinsu ba wanda ya iya fitar da fuskar hijabi yadda ba zai shaƙe ka ba kuma ba zai zame ba. Haka za ta shiga mota biyu ta kai yadi can, su zauna su sha shayi su yi gulmar 'ya'yansu, ta dawo.

Maman 'yan biyu ba ta rubuta awo a littafi. Ranar da kika fara kawo mata ɗinki, za ta yanki dogon ƙyalle siriri daga gefen wani yadi, ta zagaya fuskarki da shi ta yi ƙulli, sannan ta ɗora bakinsa a tsakiyar kanki ta sauke shi har idon sawu ta yi ƙulli na biyu. Shi ke nan awonki. Sai ta rataye shi a ƙusa bayan kekenta tare da na sauran mata, kowace ta san nata da launinsa. Na Inna kore ne, an yanke shi tun ina goye, rana da shekaru sun cinye launin har ya koma kamar ganyen kabeji na waje. Daga ranar da aka yi ƙullin nan ba a sake auna Inna ba. Yadi kawai take kaiwa ko ta aika, ta ce a duba ƙyallenta.

Ban san shekarar da abin ya fara ba. Na dai lura bakin hijabinta ya soma dawowa gida da taɓo, ita da a da za ta wuni a Farin Gada cikin tsakiyar damina ta dawo tas. Da na yi magana, ta ce yadin zamani ne, wanki biyu sai ya saki. Da aka ɗinka wani ya yi haka, ta ce takalmin ne, ƙasansa ya cinye. Muka saya mata sabon takalmi. Sai ta koma kan Maman 'yan biyu, wai ido ya fara yi mata gardama, tana yanka yadi da ƙari. Kowa ya sha zargi, har da titin kasuwa da ta ce ya taso sama. Mu kuwa muna gani bayanta ya fara ranƙwafawa, kafaɗunta sun zubo gaba, amma ba wanda ya isa ya buɗe baki.

Wata safiya da aka kwana ana ruwa, ta ɗaga ƙafa za ta tsallake kwata da farantin karas a hannu, ta taka bakin hijabinta ta kife. Matan layinsu suka kawo ta gida da hannu a kumbure. Allah ya taƙaita, targaɗe ne, ba karaya ba. Amma Yayanmu, wanda dama ya daɗe yana neman hanyar zaunar da ita, ya samu abin da yake so. Ya zauna gabanta cikin ladabi ya ce wannan karon an bari, amma in ta sake faɗuwa ko sau ɗaya, kasuwa ta ƙare, zai ɗauke ta ta koma gidansa ta huta. Inna da ke da amsar kowace magana, ta juya fuskarta bango. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, domin na san in aka raba ta da layin nan da matan nan, abin da zai rage nata kaɗan ne.

Bayan kwana biyu na lallaɓa na ce ko za mu je a sake auna ta. Ta ce awonta yana rataye a Anguwan Rukuba shekara da shekaru, bai taɓa cin amanarta ba, kuma mutum ba wake ba ne da za a riƙa auna shi kowace kasuwa. Na ce to a ɗan kalmashe bakin waɗanda take sawa. Ta ce duk wadda ta kusanci akwatinta da allura ta kuka da kanta.

Sallah ta matso, Inna ta ba ni yadi ruwan ƙasa ta ce in kai ɗinki, tunda hannunta bai gama warkewa ba. Na tarar da Maman 'yan biyu a kan keke, tabarau a karan hanci. Na ba ta labari tun daga farko, na roƙe ta ta kwance ƙullin ƙasa ta matsar da shi sama yatsa huɗu, ba tare da Inna ta sani ba. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Ke yarinya, kina so ki haɗa ni faɗa da Hajiya," in ji ta. "Mama naki ya san ƙyallen nan fiye da ni. Ni ban taɓa taɓa ƙullin mutum a bayan idonsa ba."

Ta ce ita ma ta daɗe da lura, duk zuwan da Inna ta yi sai ta ga kamar an rage ta, amma wa zai faɗa mata? Na ce in ba a yi haka ba Yaya zai zaunar da ita a gida. Ta ce zaman gida kam zai kashe Hajiya da wuri. Sai ta sauko da ƙyallen ta miƙo mini, ta ce in kwance da hannuna, ita ba ta gani ba, ta tafi duba tukunya.

Ƙullin ya yi tauri kamar dutse, sai da na sa haƙori. Da ya buɗe, na ga abin da ban yi tsammani ba. Wurin da ke cikin ƙullin rana ba ta taɓa ganinsa ba, yana nan kore shar, sabo fil, a tsakiyar ƙyallen da ya koɗe. Na murza shi, na shafa masa ƙasa, na tofa masa yawu, ya ƙi dushewa. Na yi sabon ƙulli yatsa huɗu sama da shi, na cusa ƙyallen can bayan na sauran mata, na ce wa kaina ai Inna ba za ta zo nan kusa ba.

Hijabin ya fito ya zauna mata daidai idon sawu. Ta zagaya tsakar gida da shi, ta ɗaga ƙafa ta sauke, ta ce to ga shi, dama ta faɗa mana yadi ne, ga yadin kirki an samu magana ta ƙare. Ta koma kasuwa da shi sati guda, ko ɗigon taɓo babu. Ina ta murna a ɓoye, ina ganin na fi kowa wayo a gidanmu. Sai kawai ta sayo irin yadin har kala biyu, ta ce in shirya in raka ta, da kanta za ta kai, tana so ta nemi gafarar ƙawarta da ta zarga da rashin ido.

Duk hanyar ina addu'a a ce ba ta nan. Tana nan. Aka yi gaisuwa, aka kawo shayi, Inna ta nemi gafara, Maman 'yan biyu ta ce ba komai tana kallon silin. Daga nan Inna ta miƙe, kamar yadda ta saba, ta je wurin ƙusa ta gaida ƙyallenta. Ta laluba ta zaro shi daga inda na ɓoye shi. Koren nan ya fito yana haske a hannunta.

Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta cire takalmi, ta ɗora bakin ƙyallen a tsakiyar kanta, ta sake shi ya sauka. Sabon ƙullin ya tsaya wajen idon sawunta. Koren tabon kuwa ya kwanta a kan siminti. Ba wanda ya yi motsi a ɗakin, har kekunan yaran da ke koyon ɗinki a wurinta suka tsaya.

"Wa ya taɓa mini awo?" ta tambaya, ba da faɗa ba.

Na ce ni ce, Inna. Tausayinta ya kama ni, da kunyar abin da na yi mata a gaban mutane. Maman 'yan biyu ce ta cece ni. Ta ɗauko allura da zare ta ɗaga su sama.

"Hajiya, ki duba nan. Shekara uku ke nan ban zura zare da kaina ba, sai yaran nan sun zura mini. Na ce musu allurar yanzu ne ba shi da rami."

Inna ta dube ta, ta dubi allurar. Sai kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake ta share ido da bakin hijabi. Ta ce dama ta daɗe tana zargin alluran zamani. Ta zauna ta ɗora ƙyallen a cinya, ta kwance ƙullin da na yi, ta ce ko ƙulli ban iya ba, kuma na yi rowa, wannan na rani ne, da damina taɓon Farin Gada yana tasowa. Ta matsar da shi sama yatsa ɗaya, ta ɗaure da hannunta mai ciwon, ta ja da haƙori. Ta miƙa wa Maman 'yan biyu ta ce a yanka sababbin a kan wannan, kuma a rataye mata shi a gaba inda yake, ba a bayan na yara ba.

Da muka isa gida Inna ta wuce ɗaki, na ji tana jan akwati. Ta fito da tsofaffin hijabanta guda huɗu a ninke, waɗanda aka ɗinka a kan tsohon ƙulli, har da shuɗin da ta faɗi da shi. Ta ce wannan jilbabin nawa mai sharar titi ya isa haka, in gwada waɗannan ta gani. Na sa shuɗin a tsakar gida, gaban matar Yaya da ta zo gaisuwa. Ya sauka ya tsaya cak a idon sawuna, kamar da ƙyallena aka yanka shi. Matar Yaya ta buɗe baki za ta faɗa, na harare ta.

Inna ta zagaya ni a hankali. Sai da ta ɗaga kai kafin ta gyara mini fuskar hijabin, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ja baya, ta dubi ƙafafuna.

"Saura miki yatsa biyu," in ji ta.

Na ce haka ne, Inna.

A gidan muka kwana ni da matar Yaya. Washegari da sassafe na ji Inna a ƙofar gida tana faɗa wa matar Yaya ta gaya wa mijinta ya ajiye ɗakin da ya gyara mata, ya zuba buhunan masara a ciki. Ta ɗora suwaita, ta ɗora hijabin nan ruwan ƙasa a kai, ta tafi tarar motar kabeji.