Baba Agogo Ya Nemi Izini

Rumfata ta gyaran waya tana jikin katangar gidan hayar da Baba Agogo yake zaune, saboda haka ko ban so ba, rayuwarsa a gaban idona take wucewa. Sunan Agogo a kamfanin bas na gwamnati ya samo shi, inda ya yi furfura yana tuƙi. An ce matan da ke kan hanyarsa da ƙarar motarsa suke tashin yara su yi shirin makaranta. Bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa fashin aiki ba sai ya je gaban manaja ya rusuna ya nemi izini.

Sai aka wayi gari ana cewa gwamnati ba 'yar kasuwa ba ce. Masu ba ƙasa bashi daga waje suka ce a sayar da kamfanin, aka sayar. Wanda ya saya ya kwashe motocin da ke da sauran numfashi, ya sallami direbobi, ya mai da garejin ɗakin ajiyar kaya. Da ɗan abin sallamarsa Baba Agogo ya sayi babur, ya shiga aikin kai saƙo a wani kamfani da ke zaune a cikin waya. Waya ta yi ƙara, ya je ya ɗauki kaya, ya kai. Ba manaja, ba abokin aiki, ba ko bencin da za a zauna a yi gulmar manaja.

Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, don haka ni nake karanta masa saƙonnin kamfanin. Na farko cewa ya yi, "Yanzu kai ne shugaban kanka."

"To, Injiniya," haka yake kirana don tsokana, "in shugaban ya yi laifi, wa zai ja masa kunne?"

Akwai tsohon sakataren ƙungiyar direbobinsu, Kwamared, wanda yake zuwa cajin waya a rumfata yana biyana da lacca. Da ya hango Baba Agogo da jakar kamfani a baya sai ya fara.

"Jari-hujja ke nan, Agogo! Da kai ma'aikaci ne, yau kai lamba ce. Sun kwance mu kamar tsintsiya, kowa tasa ta fisshe shi."

Gaskiya yake faɗa, ni ma na sani. Amma gaskiyar Kwamared doguwa ce, kafin ya kai ƙarshenta mai sauraro ya ji yunwa. Baba Agogo murmushi kawai yake yi ya tada babur.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ita kaɗai ta rage masa abokiyar hira. 'Yarsu tilo tana wata ƙasa tana jinyar tsofaffin wasu. Kullum da yamma zai jingine babur ya ba Inna labarin gidajen da ya kai kaya, da yadda ake miƙo hannu ta ƙofa a karɓa ba a ko dubi fuskarsa ba. Yana kwaikwayon hannun, ita kuma ta bango nake jin dariyarta.

Inna ta kwanta ciwo, kwanciyar da ba ta tashi ba. 'Yar ba ta samu zuwa ba, wai yarjejeniyar aikinta ba ta ba da dama ba, a waya ta yi kukanta. Mu maƙwabta muka yi abin da ya kamata, kowa kuma ya koma neman abincinsa.

Ba a kwana biyu ba sai ga shi a bakin rumfa da riga a goge, ya miƙo min wayarsa.

"Injiniya, nemo min inda ake neman izini a cikin abin nan."

Na duba ko'ina. Akwai wurin da za ka taɓa in babur ya lalace, akwai na in kaya sun ɓata, akwai na in mai kaya ya yi maka faɗa. Babu na wanda matarsa ta rasu.

"Baba, ai ba sai ka nemi izini ba. Kashe wayar kawai, ba wanda zai tambaya."

"Ba wanda zai tambaya?" Ya maimaita a hankali. "A gareji, in aka yi wa mutum rasuwa, manaja da ƙafarsa yake zuwa. Wani direba ya ɗauki hanyarka, fasinjoji su ga baƙuwar fuska su ce, lafiya, ina Agogo?"

Ya dage sai mun je ofishinsu. Na ce a raina sabo turken wawa, amma na rufe rumfa na bi shi. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, kwalaye cike da jakunkuna har rufi, da wata budurwa a bayan tebur. Baba Agogo ya rusuna mata, yarinyar da ya yi jika da ita, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Allah ya jiƙanta, Baba," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Wallahi ni ma ba ma'aikaciyarsu ba ce. Wani kamfani ne ya ɗauko ni in riƙa raba jakunkuna."

"Manajan fa, 'yata?"

"Ban taɓa ganinsa ba. An ce ba a ƙasar nan yake ba."

Ya miƙe tsaye. "To, ki zama shaida, na zo na faɗa."

Da Kwamared ya ji labari ya zo, ya yi gaisuwa a taƙaice, sai ya buga cinya. "Ka gani ko? Abin da nake faɗa ke nan tun ranar da aka sayar da kamfani!" Na zare wayarsa daga caji ko rabi ba ta yi ba na miƙa masa. Mutum na neman wanda zai zauna kusa da shi, kai kana murna ka ci gardama.

Baba Agogo ya koma zama a bencina daga safe zuwa yamma, yana kallon ƙofar ɗakinsa, babur na tara ƙura. Ban taɓa jin tausayin mutum irin haka ba. Muna nan zaune wata rana wayarsa ta yi ƙara, ya miƙo min. Na karanta a fili: "Mun yi kewarka! Dawo yau ka samu garabasa."

Raina ya ɓaci, kamar in maka ta da ƙasa. Shi kuwa ya matso yana leƙen wayar.

"Baba, inji ne fa. Duk wanda ya kwana biyu bai fita ba, haka ake tura masa."

"Na sani, ɗana. Tsufana bai kai nan ba."

Ya gyara zama, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya rufe ido.

"Sake karanta min farkon."