Daga Kalgo Zuwa Kalgo, Neman Iri

Zakara bai yi cara ba na ɗaure ƙunshina, na hau jakar maƙwabcinmu na bar Kalgo tamu ta wajen Ɗan Kassari. Bazara ce, ba a daɗe da saukar da tutar Faransa an ɗaga tamu ba. Ni Dije ɗiyar Maigari, mace mai jikoki, ba yawon banza ya fid da ni ba. Damina biyu a jere tsuntsayen jan baki suka cinye muna gonaki. Da can muna da hatsi mai gashi, wanda tsuntsu ba ya iya sa ma baki, amma a shekarar yunwa mun cinye shi har iri. Wuri guda ya rage: wajen yayana Arzika, wanda ya gudu ma aikin tilas tun ina budurwa, shi da gidaje da yawa, da dammunansu bisa raƙuma. Labarin da muka samu, sun kafa gari can kudu sun sa mishi Kalgo. Maza suka tsaya shawara, hadari kuwa ba ya jiran shawara. Na ce ni za ni.

Dogon Dutsi

Da azahar na iso, ranar kasuwa. Na ci ƙosai da yaji, na kwana gidan wata ɗiyar gwaggona. Duk wanda na tambaya Kalgo sai ya ce, "Wace? Ta cikin kwarin dallol, ko ta bayan Tibiri, ko ta ƙasar Ingilishi?" Kowa da tashi. Na ce to, ƙafa ba haya nake ba.

Da hantsi na samu kamyon, babbar motar masu ginar rijiya, za shi Kore Mairuwa. Shugabansu Bajamushe ne, ja wur kamar an gasa shi. Direba ya ce, "Inna, bayan mota da rana, za ki iya?"

Na ce, "Yaro, na yi dakan gidan Maigari kafin a yaye uwarka."

Bajamushen ya tambayi mi na ce. Da aka fassara mishi sai ya matsa ya ba ni gaba. A hanya direba ya gaya mishi abin da nake nema, ya yi ta dariya. Wai garinsu ma, in an juya sunan da Hausa, Sabon Gari ne, kuma masu sunan ga ba su ƙirguwa cikin ƙasashen da ake jin harshensu. Sai an haɗa da sunan gulbin da ke kusa kafin a gane wanda ake nufi. Na ce a tambaye shi, su ma aikin tilas ya watsa su?  Ya ce yaƙi dai. Wasu nasu sun ƙetare teku, inda suka sauka sun sa sunan gida. Na ba shi goro. Ya tauna, ya yamutsa fuska, amma bai tofar ba. Ɗan mutunci ne.

Kalgo ta dallol

Daga Kore Mairuwa da ƙafa na ratsa, na iso kafin la'asar. Bukkoki ne da shanu, da itatuwan kalgo ko'ina. Mu Arawa da Fulani abokan wasa ne. Wani tsohon Bafillace ya dubi zanen fuskata ya ce, "A'a, ga baiwata ta Arewa ta kawo kanta!"

Na ce, "Bawa ba ya gaida uwargijiya da baki wofi. Ina nono?"

Matarshi ta dama mini fura, irin wadda cokali ke tsayawa ciki. Ya ce su dai itace ya ba garinsu suna, ba su san wani Arzika ba. Amma shina kai shanu kudu, ya taɓa shayar da su a wata Kalgo ƙetaren iyaka. "Abin dariya," in ji shi, "ko kalgo guda babu a garin."

 Wa zai sa ma gari sunan itacen da babu, in ba mai kewar gida ba?

Tibiri da iyaka

Na kwana Tibiri a zauren wata mai tuwo, sauro ya sha rabonshi. Ta bayan Tibiri ban ko leƙa ta ba. Da asuba na bi masu jakai 'yan kanwa. A iyaka wani jandarma ya ce, "Madam, takarda."

Na nuna mishi kumatuna. Na ce, "Ga ta nan. Ubana ya sa aka rubuta, ruwa ba ya wanke ta."

Abokinshi ya ce, "Bar tsohuwar ga ta wuce, kar ta kwana tana yi muna hira."

Kalgo ta ƙetare

Rana ta karkata na iso bakin rijiya. Na tambayi Arzika. Mata suka dubi juna. Wata ta ce, "Allah ya yi mishi rasuwa, bara waccan." Na zauna bisa kwamin shanu.

Ɗanshi ke maigari yanzu, Namata, bai taɓa ganina ba. Ya zo da dattijai, ya yi gaisuwa, ya ji buƙatata. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Baba ya bar wasiyya, irin ga ba a saida shi, ba a ba baƙo. Da yawa sun zo sun ce su dangi ne. Zane kuwa, kowane Ba'are na da shi."

Ban ji haushi ba, gaskiya gare shi. Na ɗaga kai don in nemi abin cewa, sai na ga masallaci yamma da rijiya, maƙera kudu da shi, lungu ya karkace ta bayansu.  Na tashi na ce, "Kar kowa ya nuna mini hanya."

Na shiga gaba suna biye. Na ce, "Nan gidan maƙera. Nan na Bawa mahauci, ƙofarshi na kallon arewa don tsiyarshi, ba ya son gaisuwar safe." Wani tsoho ya fashe da dariya, ya ce ubanshi ke nan. "Nan na su Tanko masu gardama. Nan lungun da ake karya tulu." Ashe yadda suka baro gida haka suka dasa shi, gida bayan gida. Tamu Kalgo gobara ta ci ta, an sake ta, ni kaina na manta kamarta. Ga ni da furfura ina tafiya cikin garin ƙuruciyata. Na sha kwana, na shiga zaure, na wuce turmi, na tsaya gaban rumbu na uku.

Na ce, "Iri a nan yake. Innarmu ba ta taɓa sa shi a na farko ba, don masu roƙo."

Matar yayana, Kulu, Bakabiya ce, tana tsaye da ludayi a hannu. Ta ce, "Ke ce Dije. Arzika ya ce bakinki zai riga ki shigowa." Muka rungume juna muka yi kukan da ya kamata a yi bara waccan. Namata da kanshi ya hau rumbu.

Komawa gida

Sun so in yi wata guda, na ce sama ta fara haɗa gira. Na ziyarci kabarin yayana, na gaya mishi waɗanda suka mutu da waɗanda ke nan. Suka haɗa ni da raƙumi da dammuna huɗu har Tibiri, daga nan mota zuwa Dutsi. Ko'ina bisa dammunan nake zaune, ko salla zan yi hannuna guda na kusa da su.

Na shigo Kalgo da magariba, ƙasa na ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri. Kowane gida na auna mishi ƙwarya guda, har waɗanda suka ce ba zan dawo ba. Ruwan shuka ya zo kwana kaɗan baya. Da kaka jan baki suka taho kamar hayaƙi, suka sauka, suka tashi da yunwarsu.

Na gode ma Allah da ya kai ni ya maido ni. Na gode ma direba, da Bajamushe mai cin goro, da bawana Bafillace, da Kulu. Yayana kuwa, Allah ya sa ya tarar da gida can inda ya tafi, kar ya sake gina wani.