Leɓen Malama Ba-komai

Tun kafin a kewaye makarantar da katanga take koyar da 'yan aji ɗaya, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Malama Ba-komai. Yaro ya karya fensir, ba komai. Ya jiƙa wando, ba komai. Ita ta sha bulala tana ƙarama a kan amsar da ba ta sani ba, shi ya sa ta yi wa kanta alkawarin ba ɗan da zai yi kuka a ajinta don ya kasa. Ta kuwa cika alkawari, har ta zarce gona da iri.

Ranar gwajin amsa-amo, wato kalmomin da ƙarshensu ke tafiya tare, takan zaunar da yara a tabarma ta kira su ɗaya-ɗaya. Ta ce "wuta", yaro ya ce "buta", a tafa masa. Ta ce "allo", ya ce "kallo". In ya yi shiru yana murza yatsu, sai tausayi ya kama ta, ta motsa leɓe ba sauti, ta ba shi amsar. A ganinta wannan ba maguɗi ba ne, ɗan tallafi ne.

Gwanar ajin wata 'yar tela ce da ake kira Auta, mai zama gaba-gaba, ido ƙur a bakin Malama. Takan ɗan jinkirta, Malama ta motsa leɓe, amsa ta fito tsaf.

Uwarta ta taɓa zuwa a farkon shekara, da guntun zare maƙale a zanenta. Ta ce, "Malama, yarinyar nan in na kira ta daga baya ba ta waiwayowa. Ko in kai ta asibiti?"

Malama ta yi dariya. "Haba 'yar'uwa! Auta? Ai kunnenta ya fi nawa. Shagwaɓar 'yan auta ce, kwantar da hankalinki."

Uwar ta koma kan keken ɗinkinta da murna. Wa zai ja da malama?

Gwajin ƙarshen shekara ya zo mura ta kama Malama, ta rufe baki da mayafi don kada ta shafa wa yara. Ta kira Auta.

"Riga."

Auta ta ƙura wa mayafin ido.

"Riga, 'yata. Ba komai, yi tunani."

Auta ta miƙe, ta kai hannu tana neman janye mayafin. Aji ya fashe da dariya. Wadda ke zaune kusa da ita ta ce, "Malama, ai sai tana ganin bakinki. Kowa ya sani."

Kowa, ban da ita. Malama ta zagaya bayan yarinyar ta kira ta, ta sake kira da ƙarfi. Auta na nan tana kallon kujerar da Malama ta tashi. Kunya ta lulluɓe matar nan, ta rasa inda za ta sa fuskarta a gaban yaran da ba su gama famfara ba.

Da aka tashi ta tari uwar a bakin ƙofa. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Gaskiyarki ce, ba ta ji sosai. Ni na hana ki kai ta, kuma ni nake ba ta amsa da leɓe. Ki kai ta asibiti gobe."

Uwar ta daɗe tana kallon kan 'yarta.

"Shekara guda," ta ce a hankali. Sannan ta kama hannun Auta. "Ba komai, Malama."

Malama ta gwammace a ce matar ta zage ta.